Ƙwaryar da Na Kaɓar a Tafkin Bature

Tun da na dawo daga ƙasar Birnin Gwari ban huta da tambaya ba. In na fito masallaci a tare ni, in na zauna a rumfar Malam Iro maɗinki a kewaye ni: "Alhaji, wai da gaske ne an ɗaure ka saboda agwagwa?" Shi Malam Iro har suna ya laƙaba mini, Sarkin Agwagi, yana faɗa yana cizon zare don kada dariya ta ƙwace masa. To, bakina ya gaji. Zan rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

An ɗaure ni, wannan gaskiya ne. A gindin ɗorawa, da igiyar rama, ni da na ɗauko goro daga Gwanja tun gemuna bai fito ba, na ratsa Wadai da Darfur a ƙasa, na sha ruwan Nilu da tafin hannuna. Mai jiran ya ji na ce na yi nadama ya nemi inuwa ya zauna, don zai daɗe.

Kanwa ce ta fitar da ni. Na ji an ce an sami zinariya a dajin Birnin Gwari, leburori sun cika wurin, Fulani kuma sun gangara can da shanu, inda kuwa shanu suke ba a rasa mai neman kanwa. Bazara ta kankama na hau babbar mota daga Katsina. Direban Bayarabe ne. Na gaishe shi da Yarabancin da na tsinta a Ilori, ya ji daɗi, ya ce in dawo gaba kusa da shi. Daɗin bai daɗe ba. Kafin Malumfashi motar ta yi tari ta mutu, aka ce kowa ya sauka ya tura, har da mai zama a gaba. Na ce masa raƙumi in ya ƙi tashi zaginsa ake yi, ba a ɗaukarsa.

Ya ce, "To Baba, zage ta mana, ko tana jin Hausa."

Na zage ta da Hausa, na ƙara da Larabci, ba ta ji ko ɗaya ba. Muka tura.

A Funtuwa na yi hayar jakuna, na bi wasu fatake masu gishiri. Inda ƙasar Katsina ta ƙare muka tarar da ma'aikatan ciwon barci a gindin tsamiya, sun gitta gora a hanya. Duk mai wucewa sai an lalube masa wuya, wai ana neman kaluluwa. Wani saurayi mai gajeren wando ya ce in kwance rawanina. Na ce masa a Sawakin an turara kayana da hayaƙi mai wari, a iyakar Faransa an tsare ni a rana don takarda, amma ba a taɓa matsa wuyana kamar ragon layya ba. Ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, ko rago ne ai kai babba ne." Na kwance. Yaro mai baki irin wannan ba a yi masa gardama.

A Birnin Gwari na sauka gidan wani fatoma mai saukar da fatake, Malam Barau, mutum mai yawan magana da ƙarancin miya. Tuwon dawarsa ba laifi, amma miyar karkashinsa sai ka bi ta da gudu kafin ka kama. A ƙofar gidansa na zauna ina kallon matan Gwarawa suna shigowa kasuwa da itace da doya, kayan a kafaɗa ba a ka ba. Na taɓa gani, amma har yau in na gani sai na tsaya. A wurinmu kai ne jakin mutum. Su kuwa sun ce kai sarki ne, ba a ɗora wa sarki kaya. Na ga matan Gwanja suna ɗauka a ka, na ga na Hijaz suna ɗauka a kwiɓi, ban ga waɗanda suka ba da dalili mai kyau kamar na Gwarawa ba.

Malam Barau ya ce in kasuwa nake so in nufi wajen Gwaska, akwai wani Baturen zinariya da ya datse rafi ya yi tafki don wankin ƙasa, ga leburori ga rugage kewaye. Ya ce, "Sai dai ka kama bakinka. Mutumin nan yana da agwagi da ya kawo daga nesa, ya fi son su da uwarsa." Na ce bakina na kai shi Makka na dawo da shi, bai taɓa ɓata ba. Ya ce ba ɓata yake jin tsoro ba.

Hanyar Gwaska daji ce sosai. Ƙudan tsando ya sa jakunana rawa, ɗaya ya tuma ya zubar da kaya a cikin ƙaya, na yini ina tsince kanwa kamar mai kalar gyaɗa. Da yamma na faɗa rugar wani Arɗo Buba. Da ya ji Fulatanci a bakina sai ya sa aka kawo kindirmo mai sanyi, irin wanda rabona da shi tun Adamawa. Muna hira na tambaye shi don me yake kai shanu nesa shan ruwa, ga tafkin Bature kusa. Ya ce maraƙinsa biyu sun sha sun kwanta, ba su tashi ba. Ruwan ya yi kore, manyan shanu in sun sunsuna sai su juya.

Na ce, "Koren mai zare-zare ne kamar gashi?"

Ya ce a'a, mai kauri ne kamar miyar kuka.

Na san wannan ruwa. A hanyar Makka, a ƙasar Wadai, mun taɓa isa wani tafki da ƙishirwa kamar za mu mutu. Ku kun san ƙa'idar fatake: ruwan da ka ga tsuntsu a kansa, sha. Muka hangi zalɓe tsaye a ciki, muka yi hamdala, muka runtuma. Wasu Larabawan Shuwa suka tare mu da sanduna. Dattijonsu ya ja ni gefen da iska ta tara koren, ya nuna mini agwagin daji a kwance, wuyansu a lanƙwashe. Ya ce zalɓe ba shan ruwa ya zo yi ba, kifi ya zo suka, shaidarsa ba ta karɓuwa. Wanda za ka tambaya shi ne mai tsoma baki yana tace saman ruwa. Wani Babarbare a cikinmu ya ƙi ji, ya sha. Mun binne shi kafin mu kai gari na gaba.

Gansakuka iri-iri ce. Mai zare ba ta komai, jaki ma yana ci. Wannan kuwa ba ta kamuwa a hannu, ƙarninta kamar ruɓaɓɓiyar ciyawa, in ta bushe a gaɓa sai ta bar shuɗi kamar bakin karofi. Tana son ruwan da aka tsare, da zafin rana, da kashin shanu. Baturen nan ya haɗa mata duka uku bai sani ba.

Washegari da la'asar na isa barikin Baturen. Heluma, wato shugaban leburori, wani ƙaƙƙarfa mai suna Tanko, ya ce ba masaukin fatake a nan. Ina tsaye da jakuna sai wani dogon dattijo Bagware ya zo wucewa da taru a kafaɗa. Na gaishe shi da harshensu. Ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wa ya koya maka? Ya cuce ka. Biyo ni."

Sunansa Shekwolo. Rafin da Bature ya datse, kakanninsa ne ke riƙe da shi, shi ke buɗe kamun kifi kowace shekara, shi ke daka magimfa a zuba kifi ya taso. Tun da aka datse rafin ya je gaban Bature ya faɗa masa baƙar magana a bainar jama'a, kowa kuma ya ji. Matarsa ta kawo mini sakwara da miyar busasshen kifi. Ya jawo tulun giyarsa, ya dube ni, ya tura shi bayansa, ya ce, "Na ɓoye maka shi, Alhaji, kada ya gan ka ya ji kunya." Na kwana a zaurensa kamar a gidan ɗan'uwa.

Da hantsi Tanko ya zo da mutane huɗu, ya ce Bature na kiran Shekwolo. Na ɗauki sandata na bi su. Sai a lokacin na ga tafkin. Iskar gabas ta kwashe koren duka ta tara shi a gaɓar yamma, daidai inda Bature ya yi wa agwaginsa shinge a ƙasan gidansa. An jera su a kan tabarma, farare ƙal, duk sun mutu. Gefen gabas kuwa ruwa garau, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga balbelu suna kiwo a gaɓa.

Baturen jajir yake, hular kwano a hannu. Hausarsa ta bariki ce amma ana ganewa. Ya nuna agwagin ya ce wa Shekwolo, "Kai ka sa magani."

Tanko ya karɓe. "Ranka ya daɗe, ruwa lafiyarsa lau. Ga zalɓe can, me ya same shi? A nan kusurwar kaɗai aka zuba. Wa ke da magimfa in ba shi ba? Wa ya zage ka in ba shi ba?"

Mutanen Shekwolo sun taru a bayansa, maza da mata. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Rafin ubana ne. Ba na zuba masa abin da zai kashe. Annoba ce ta kama tsuntsayenka. Ku ba ni ƙwarya."

A al'adarsu, wanda aka zarga da ɓata ruwa, daga wannan ruwan yake sha a gaban jama'a. In hannunsa da tsarki ya tashi lafiya, magana ta mutu. In ya ƙi sha, ya amsa laifi ke nan, ba shi ba riƙon rafi, ba 'ya'yansa ba. Matarsa ta miƙa masa ƙwarya. Ya shiga har gwiwa a tsakiyar koren, ya ɗebo ta cike. Ya san bai zuba komai ba, shi ma kuma yana kallon zalɓen nan. Gaskiyarsa ce za ta kashe shi.

Na ce masa da Gwaranci, "Kada ka sha. Ba kai ka ɓata shi ba, amma a ɓace yake."

Ya ce, "Baƙo, ka ci abincina. Kada ka ci mutuncina."

Ya kai ƙwarya baki. Na ɗaga sanda na kaɓe ta. Ta yi sama, ta faɗi a kan dutse ta tsage, koren ya wanke wa Tanko ƙafa.

Wurin ya kaure. Tanko ya ce, "Kun gani? Ya san da maganin. Tare suka zuba, a gidansa ya kwana." Gwarawa suna zagina da harshen da suke tsammanin ba na ji sosai, na kuwa ji duka. Shekwolo ya tsaya a cikin ruwa hannu wofi, yana dubana kamar na kashe masa ɗa.

Bature ya ce, "Kai wane ne?"

Na ce, "Mai kanwa."

"Don me ka hana shi?"

"Don zai mutu."

"To akwai magani a ruwa."

Na ce, "Akwai. Amma ba hannu ya zuba ba. Kai ka tsare ruwan, rana ta dafa shi. Magimfa kifi take kashewa ta bar tsuntsu. Ina kifin da ya taso? Ga tarwaɗa can suna juyi."

Ya juya ya yi wa Tanko magana da Turanci, wai tsohon nan mahaukaci ne ko maƙaryaci. Na amsa masa da Turancin da na koya a tashar jirgin ruwa, na ce ya zaɓi ɗaya, biyu sun yi wa tsoho yawa. Wannan ne ya sa aka kawo igiya, ba agwagwa ba. Malam Iro ya gyara labarinsa.

Aka ɗaure mu a ɗorawar da ke bakin tafki, ni da Shekwolo, baya da baya, kafin a sami masu raka mu gaban alƙali a Birnin Gwari. Na ce wa Bature hakan ya yi mini daidai. Na ce, "Ka sa masu gadi, kada kowa ya kusanci ruwa da komai a hannu. Hadari ya fara haɗuwa, iska za ta juyo daga yamma. Koren zai koma gabas, mutuwa za ta bi shi. In ba ta bi ba, ka kai ni inda za ka kai ni." Ya sa masu gadin.

Mun yi 'yan kwanaki a wurin. Ana kwance ni in yi salla, matar Shekwolo tana kawo abinci, ta ajiye nawa ba tare da ta dube ni ba. Shi kuwa bai ce mini uffan ba. Ina jin bayansa a jikin nawa, da zafi kamar dutsen guga.

Wanda aka ɗaure a bakin ruwa ba shi da aiki sai kallon tsuntsaye, na kuwa kalla. Kurciyoyi su ne suka fi ba ni tausayi. Kun san kurciya ba ta sha irin na kaza, ta ɗiba ta ɗaga kai. Tsoma baki take ta zuƙa har ta ƙoshi. Waɗanda suka sauka gefen koren, wasu sun tashi sun faɗo a cikin ciyawa, wasu ko tashi ba su yi ba. Kajin kukun Bature suna ɗan lasa suna barin wurin, suka yi zawo suka warke. Wani hankaka ya yini a reshe a saman kaina fukafukai a sake, na ce ya tafi, washegari sai ga shi yana satar nama a kicin. Wata dinya ta zo, ƙatuwar agwagwar daji, ta yi kiwo a cikin koren, ta fi ƙananan daɗewa a tsaye, amma ita ma ta kwanta daga baya. Angulaye suka cinye gawarwakin da aka zubar, suka yi gyatsa suka tafi. Balbela ba ruwanta, fara take bi a bayan shanu. Zalɓe kuwa yana nan kullum, da ƙafarsa ɗaya, yana ba da shaidar zur.

Ban ce na san dalilin kowanne ba. Wani yadda yake shan ruwa ne, wani abin da yake ci ne, wani ina jin cikinsa ne Allah ya yi da ƙarfi. Abin da na sani, ruwa ɗaya ne, amma ba hukunci ɗaya yake yanke wa kowane tsuntsu ba. Mu mutane kuwa a layin agwagwa muke, ba a layin zalɓe ba.

Leburori suka riƙa raɓowa da tsakar rana suna tambayata. Da yawansu ciki na murɗa musu, don daga tafkin suke sha. Na ce su gangara ƙasan madatsa su tona rairayi, ruwan da ya tsatso ya fi wannan. Tanko ya zo ya ce in na sake hure wa mutanensa kunne zai ƙara mini igiya.

Na ce, "Ƙaro. Amma kai a ina kake sha?"

Wani lebura ya ce, "A rairayi, tun ranar da koren ya taɓa masa ƙafa." Aka yi dariya, Tanko ya tafi yana neman wanda ya faɗa.

Ba zan ɓoye muku ba, iskar ta yi jinkiri, har aka ce gobe za a tafi da mu. Ran nan da yamma hadari ya taso daga yamma, ya yi ruri bai zubar da ko ɗigo ba, amma ya bar iskarsa. Muna kallo koren ya saki gaɓar Bature, ya ratsa tafkin a hankali kamar an ja tabarma, ya je ya kwanta a gabas. Kafin magariba garken kirinjijiya, agwagin dajin nan, suka zo suna fito, suka sauka daidai kansa. Na yi ihu don in kore su, masu gadi suka ce in yi shiru. Da gari ya waye gaɓar gabas ta cika da gawarwakinsu.

Bature ya zagaya tafkin a ƙasa, Tanko na biye. Ya tambayi masu gadi, suka rantse ko kare bai zo ba. Ya daɗe tsaye yana duban zalɓen nan, wanda ya sauya gefe ya koma inda ruwa ya washe. Sannan ya zo ya ce a kwance mu. Bai ce ya yi kuskure ba, ban kuma sa rai ba. Na zauna da Turawa iri uku a rayuwata, ban ga wanda harshensa ya iya wannan kalma ba. Ya ce in bar barikinsa yanzu.

Na ce, "Sai na yi azahar, sai na ɗaure kayana. Kai kuma ka fasa madatsar nan ruwa ya wuce."

Ya ce ba zai fasa ba.

Na ce, "To ka daina kiwon agwagwa, ka koma kiwon zalɓe."

Ya ce tsoho mai taurin kai. Na ce taurin kan ne ya kawo ni shekarun nan.

A nan abokaina suke so labari ya ƙare, a tafa. Bai ƙare ba. Ina ɗaura wa jakuna kaya Shekwolo ya zo ya tsaya, karo na farko da ya yi mini magana tun ranar ƙwarya.

Ya ce, "Bature ya sake ni. Bature ba shi ya ba ni rafi ba. Mutanena sun ga na ɗebo, ba su ga na sha ba."

Na ce, "Sun ga kirinjijiya."

Ya ce, "Kirinjijiya ba ta rantse ba. Ni na rantse."

Na gane ba zan iya cire masa wannan ba, ban kuma ga dalilin da zan raina shi ba. Mu ma in mutum ya ɗaga hannu zai dafa Alƙur'ani aka janye, ai ba a ce ya rantse ba. Na ce masa, "To sha. Amma rantsuwarka ba ta faɗi rana ba. Ka jira ruwan sama ya cika tafkin ya tumbatsa. Ka jira kirinjijiya su sauka, su yi kiwo, su kwana, su tashi da fukafukansu. Kurciya ta sha ta koma reshe ta yi kuka. Ranar ka sha har ka ƙoshi. Zalɓe kuwa ko ya rantse maka da kabarin ubansa, kada ka saurare shi."

Ya ce, "Kafin nan ana kallona a matsayin mai laifi."

Na ce, "Mai laifin da ke numfashi yana iya wanke kansa. Gawa sai dai a wanke ta."

Ya juya ya tafi, bai ce to ba, bai ce a'a ba.

Na sayar da kanwata a rugar Arɗo Buba da rugagen wajen Gayam. Na sake shan miyar Malam Barau, ba ta ƙara kauri ba. Saurayin ciwon barci ya sake matsa mini wuya, ya ga sawun igiya a hannuna, ya ce, "Alhaji, ashe ragon har an ɗaure shi." Duk tsawon hanya ba na tunanin komai sai mutumin nan. Na san yana iya gangarawa tafkin tun ƙurar jakunana ba ta kwanta ba. Wannan ne dalilin da na dawo ba na son maganar, kuka ɗauka kunyar ɗauri nake ji.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai ga wani bafatake mai gishiri yana sallama a ƙofar gidana, ya ce an ba shi saƙo daga dajin Gwaska. Ya kwance tsumma ya fito da ƙwarya. Na gane ta. Gyartai ya ɗinke tsagar tun daga baki har gindi, ɗinki mai kyau.

Na ce, "Mai ita yana raye?"

Ya ce, "Shi ya ba ni da hannunsa. Ya ce in faɗa wa tsohon nan mai mugun Gwaranci, agwagin daji sun sha sun tashi, shi ma ya sha a gaban mutanensa, ƙwarya biyu. Ya ce kuma ka riƙe wannan, in hannunka ya sake ƙaiƙayi ka sami abin bugu a gida."

Tana nan rataye a zaurena. Da ita nake ba baƙi ruwa. Malam Iro ya sha da ita jiya, yana ta kirana Sarkin Agwagi, bai san a hannun wa ta fito ba. Yanzu ya sani. Sarautar kuma na karɓa, a kawo rawani.